Littafin Da Ya Ɓace A Cikin Gidan Allah

Karatu: 2 Sarakuna 22:1-13

 Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, bari ya buɗe tare da mu.

Yosiya yana da shekara 8 sa'ad da ya zama sarkin Yahuza. Kakansa Manassa ya yi shekara 55 yana mulki, ya cika Urushalima da gumaka, har cikin Haikali ya gina musu bagadai. Mahaifinsa Amon shekara 2 kaɗai ya yi, fadawansa suka kashe shi. A shekara ta 18 ta sarautar Yosiya, wato wajen shekara 622 kafin haihuwar Kristi, sarki ya ba da umarni a gyara Haikali. Ana cikin wannan aiki ne Hilkiya babban firist ya tsinci Littafin Shari'a.

Mu lura da inda littafin ya ɓace. Ba abokan gaba ne suka sace shi ba, wuta kuma ba ta ci shi ba. Yana nan cikin gidan Allah, firistoci suna shiga suna fita, masu tsaron ƙofa suna karɓar baiko, amma ba mai buɗe shi. Da Shafan magatakarda ya koma wurin sarki, sai da ya gama ba da rahoton kuɗi tukuna ya ambaci littafin. Da ya karanta, sarki ya keta tufafinsa, domin ya ga nisan da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da jama'arsa suke yi.

Haka littafin yake ɓacewa a gidajenmu. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya cikin Hausa, kuma da shi ne iyayenmu da yawa suka koyi karatu, ko da yake Hausa ba yarensu ba ne. Yau ga shi a ƙasan akwati tare da takardar baftisma da katin asibiti. Ranar Lahadi a kaɗe ƙura a riƙe shi zuwa sujada, a dawo a mayar.

Masana da yawa suna ganin littafin da aka tsinta shi ne Maimaitawar Shari'a, ko wani sashensa. In haka ne, ba mamaki sarki ya firgita. Sura 17 ta umarci sarki ya kasance da nasa littafin, yana karantawa muddin ransa. Sura 6 ta ɗora wa iyaye koya wa 'ya'yansu a gida da kan hanya. Sura 25 kuwa ta shiga kasuwa: ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami.

A nan za mu ɗan dakata, gama mun san wannan abu sarai. Akwai mudun saye, akwai mudun sayarwa da aka bubbuge gindinsa. Akwai buhun dankali, manya a baki, ƙanana da ruɓaɓɓu a ƙasa. Akwai accar da ba a rairaye ba, yashinta ma kuɗi ne. Mai yin haka yakan ce kowa ma yana yi. Amma maƙwabcin da ba mai bi ba, wanda bai taɓa shiga majami'a ba, daga mudunmu yake sanin irin littafin da muke karantawa. Gobe in muka je masa da bishara, ya riga ya auna mu.

Yanzu mu koma aya 7. An danƙa kuɗin gyaran a hannun masu lura da aiki, su biya masassaƙa da magina, su sayi katako da duwatsu. Sarki ya ce ba sai an bi su da lissafi ba, domin amintattu ne. Ba a faɗi sunayensu a wannan sura ba, kuma wannan shaida ta zo tun kafin a tsinci littafin. Ashe cikin zamanin duhu ma akwai waɗanda suka riƙe amana.

Amma kada ma'ajin ikkilisiya ko na zumuntar mata ya fake da wannan aya ya ƙi kawo rahoto. A aya 4 an ce a ƙirga kuɗin kafin a miƙa shi. Manzo Bulus ma, da zai kai gudummawa Urushalima, bai yarda ya ɗauka shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8:18-21 ya nuna cewa ikkilisiyoyi sun zaɓi wanda zai tafi tare da su, don kada kowa ya sami abin zargi. In Bulus ya nemi shaidu, kuɗin siminti da kwanon rufin majami'armu bai fi ƙarfin a karanta shi a gaban jama'a ba. Mun ga ikkilisiyoyin da suka rabu biyu a kan kuɗin godiyar kaka da ba a rubuta ba.

Yosiya bai tsaya ga keta riga ba. A sura 23 ya tara jama'a, manya da yara, ya karanta musu littafin da bakinsa. Mai gida ma zai iya yin haka bayan tuwon dare. Yaron da ya iya karatu ya karanta 'yan ayoyi da Hausa ko Turanci, uba ko uwa su fassara da yarenmu don kaka da ƙanana su ji. In akwai Sabon Alkawari cikin yarenku, ku fara da shi. Sa'an nan a yi tambaya guda: gobe a gona ko a kasuwa, me wannan karatu zai hana mu yi?

Kafin darasi na gaba, ku karanta aya 14 zuwa 20, inda sarki ya aika wurin annabiya Hulda.