Ciwon Baya Da Wuya Ga Masu Aiki Da Kwamfuta

Duk wanda ya saba yin sallar Azahar a masallatan da ke kusa da ofisoshin gwamnati ko manyan kasuwanni, lalle ya lura da kujerun roba da ake jerawa a gefen sahu. A da dattawa aka sani da su. Yanzu kuwa sai ka ga magidanci da sauran ƙarfinsa ya jawo kujera, yana ishara a maimakon ruku'u da sujada. Shari'a ta yi masa rangwame, babu laifi a kansa. Amma in ka tambaye shi, sau da yawa bai taɓa yin haɗarin mota ko faɗuwa daga bisa ba. Shekaru ya yi a zaune gaban na'ura.

Wannan cuta ba baƙuwa ba ce. Tun a shekarar 1700 wani likita ɗan ƙasar Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a, kuma a bugun 1713 ya ƙara da babi a kan akawuna da marubuta. Abubuwan da ya ɗora wa laifi su ne dogon zama, da maimaita motsin hannu iri ɗaya, da wahalar da tunani. Alƙalami ya ba tafireta wuri, tafireta ta ba kwamfuta, amma jikin ɗan Adam bai sake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke nakasa mutane a duniya.

To, yaya zama kawai zai raunata mutum? Kan baligi ya kai nauyin kilo 5. Idan yana tsaye daidai bisa kafaɗu, ƙashin wuya na ɗauke da shi ba wahala. Da zarar an sunkuyar da shi don leƙen allon da ke ƙasa, sai naman wuya da na kafaɗa su ɗauki aikin, awa bayan awa, har su ɗaure. Ƙaramar kwamfutar nan ta cinya ita ta fi jawo haka, domin allonta da madannanta a haɗe suke: in ido ya ji daɗi hannu ya wahala, in hannu ya ji daɗi wuya ya wahala. Haka nan a tsintsiyar hannu akwai wata 'yar ƙuntatacciyar kafa da wata jijiya ke ratsawa zuwa babban yatsa da biyun da ke biye da shi da rabin na huɗu. Idan ta matsu, yatsun nan su ne ke mutuwa ko su riƙa zugi, musamman da dare. Lanƙwasa hannu a kan madannai yini guda yana ƙara tsananta abin, kuma mai ciwon sukari ya fi kusa da shi.

Gyaran kuwa ba sai an sayi kujerar ƙasar waje ba. A zauna tafin ƙafa na taɓa ƙasa, in kujera ta yi tsawo a sa katako a taka. A jingina ƙugu da makarin kujera, in da rata a naɗe tawul a cike ta. Allon ya yi nisan kamu ɗaya na miƙaƙƙen hannu, bakinsa na sama daidai da ido. Tsofaffin fayiloli ma sun isa a ɗaga shi da su, sa'an nan a nemo madannai na daban. Gwiwar hannu ta kasance kusa da jiki, tsintsiyar hannu a miƙe. Ɗan kasuwa mai maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa yana buga lissafi, shi ma ya daina.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne tashi. Wasu kan ce ai muna tashi salla. Gaskiya ne alwala da tafiya masallaci hutu ne ga gaɓoɓi, amma daga ƙarfe 8 na safe zuwa Azahar wajen awa 6 ne, kuma wannan ya yi yawa ƙwarai. Kamata ya yi kowane rabin awa ko awa guda a miƙe, a taka ko da zuwa bakin ƙofa ne, a kuma ɗauke ido daga allo a dubi nesa. Wanda ke ganin wannan lalaci ne, sai ya tuna abin da Buhari ya ruwaito, cewa Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya hana Abdullahi ɗan Amru azumi kullum da tsayuwar dare gaba ɗaya, yana tunatar da shi haƙƙin jikinsa da na idonsa. In an taka wa mutum birki a ibada saboda jiki, ina ga buga takardun ofis?

Shugabannin ma'aikatu da iyayen gidan yaran shago su ma da nasu nauyin. Yaron da aka ɗora bisa benci marar makari daga safe har Magariba, ba shi ya zaɓi bencin ba. A Nijeriya akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta haɗa har da cutar da aiki ya haifar. Wanda yatsunsa suka fara tashinsa daga barci, ko ciwon ƙugu ya fara gangara masa zuwa ƙafa, ya je asibiti tun da wuri, ya kuma adana takardun likita.