Kaskin sauraro marar waya: tsada ba ta hana laima shiga

Daga Dogon Dutsi har zuwa Tibiri, kaskin sauraro marar waya ya shiga cikin kayan adon samari da kayan aikin ma'aikatan rediyo. Sai dai ko a ƙasashen da ake ƙera shi, an gano cewa laima tana iya kashe wanda ya fi kowane tsada. To, ina ga ƙasa mai zufar bazara da danshin damina da ƙurar hunturu?

Jama'a masu karatu, kaskin da muke magana a kansa ba hular kwanon ɗan kabu-kabu ba ne. Muna nufin abin sauraron nan mai ƙoƙo biyu da ke rufe kunnuwa ruf, wanda yake haɗuwa da salula ta hanyar Bluetooth ba tare da waya ba. Duk wanda ya tsaya a tashar motar Dutsi, bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Birnin Ƙonni, ko ya ci kasuwar Matankari, ko ta Kore Mairuwa, ko ta Geceme, zai gan shi rataye a wuyan matasa. Wani tsaraba aka kawo masa daga Kwatano ko Lome, wani daga Sakkwato ko Kano, wani kuma ɗan uwansa ne ya aiko masa daga Turai. Mafi yawansu masu araha ne, da yawa kuma jabu ne da aka manna wa sunan babban kamfani. Amma akwai na gaske masu tsada, waɗanda malamin lakkol ko ma'aikacin rediyo ko ɗan kasuwa yake tara kuɗi wata da watanni kafin ya mallaka, bisa zaton cewa abin da aka saya da tsada ba ya saurin lalacewa. Wannan zato ne ya kamata a sake dubawa.

Abin da ya faru da kaskin Apple

A watan Disamba na shekarar 2020 kamfanin Apple na Amurka ya fito da kaskinsa mai suna AirPods Max. A lokacin da ya fito, kuɗinsa a Amurka dala 549 ta can, a Faransa kuwa yuro 629, wato kusan jika 413 na kuɗin sefa. Idan aka auna da albashi mafi ƙaranci na Nijar, wanda aka ɗaga zuwa jika 42 a shekarar 2024, kuɗin kaski guda ya kusa albashin wata goma. Ƙoƙunansa na alminiyom ne, nauyinsa ya kai giram 385, matasan kunnensa kuwa maganaɗisu ke riƙe da su, ana cire su da hannu cikin sauƙi.

Ba a jima da fara sayar da shi ba sai masu saye suka shiga kokawa. Mutum zai sa shi awa ɗaya ko biyu yana zaune cikin ɗaki, ba gudu ba aikin ƙarfi, in ya cire matashin sai ya tarar da ɗigon ruwa jere a jikin ƙarfen, dab da lasifika. Wasu suka ce daga nan kaskin ya daina gane ko an sa shi ko an cire, wasu suka ce sautin ya dinga yankewa, wasu kuma nasu ya mutu ɗungurungum. A shekarar 2021 aka kai kamfanin ƙara a jihar Kalifoniya da sunan masu saye. Kamfanin bai yarda cewa akwai aibi a ƙirar ba, kuma takardunsa sun faɗa a fili cewa ba a yi wannan kaski don ya jure ruwa ko zufa ba. A shekarar 2024 aka sake fito da shi da sabuwar kafar caji da sababbin launuka, amma ƙoƙunan suna nan na alminiyom.

Ba Apple kaɗai ba ne. Kamfanin Sony na Japan, wanda kaskinsa WH-1000XM4 na 2020 da WH-1000XM5 na 2022 suka yi suna a duniya, shi ma yana gargaɗi cikin littafin amfani cewa ba su jure ruwa ba, a kiyaye su daga ruwan sama da zufa. Masu iya magana sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar ita ce, mai saye a nan ba ya sanin rariya ya saya, domin gargaɗin yana cikin ƙananan haruffa, cikin harshen da ba kowa ke karantawa ba.

Daga ina ruwan yake fitowa?

Kowa ya taɓa ganin kwalbar lemo mai sanyi tana zufa a waje, ko murfin tukunya yana tara ɗigon ruwa daga ciki. Dalili guda ne. Iska mai ɗumi tana ɗauke da tururin ruwa fiye da mai sanyi, to in ta taɓa abu mai sanyi sai ta sauke abin da ta ɗauko, kamar yadda raɓa ke sauka kan kwanon rufi da asuba. Fatar mutum tana da zafin digiri 33 zuwa 34, kuma kullum tana fitar da laima ko da ba a ga zufa ba. In kaski ya rufe kunne, ya zama ɗan ƙaramin ɗaki marar taga. A lissafi, iskar da ke da zafin digiri 33 da danshi kashi 80 cikin ɗari, da zarar ta taɓa abin da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 29, ruwa zai kwanta a kai. Alminiyom kuwa yana miƙa zafi waje da sauri ninki ɗaruruwa fiye da roba, don haka cikinsa yana zama da sanyin ɗakin da ake zaune. Ƙarfen da ya ƙara wa kaskin kyau da tsada, shi ne ya zame masa murfin tukunya.

Abin da ya sa ɗigo kaɗan ke yin ɓarna shi ne yawan kayan da aka cusa a ciki. Kaskin da ke da waya lasifika ne kawai da jan ƙarfe. Marar waya kuwa yana da batir, da ƙaramar kwamfuta, da na'urar gane kai, da makirfo da yawa da ke sauraron hayaniyar waje don su kashe ta. AirPods Max shi kaɗai makirfo tara ne da shi. Kowane ɗaya yana da rami da iska ke bi, kuma ramin da iska ta bi, laima ma za ta bi.

Lokuta uku, abokan gaba uku

A ƙasar Arewa lamarin ya ɗan sha bamban da na Turai, kuma ya kamata a fahimci bambancin. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana yake wuce digiri 40 a Dutsi da Dankasari, ƙarfen ba ya yin sanyin da raɓa za ta kwanta masa. Abokin gaba a lokacin nan ita ce zufa kanta, wadda ta fi raɓa sharri, domin tana da gishiri. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, yana cin jan ƙarfe da dalmar da aka like wayoyi da ita, kuma ko ya bushe gishirin yana nan yana jiran wata laimar. Zafin kuma yana tsofar da batir tun lokacinsa bai yi ba. Apple da kansa ya rubuta cewa a yi amfani da kayan sauraronsa tsakanin digiri 0 da 35, iyakar da bazararmu take tsallakewa kusan kullum da rana.

Da damina, musamman watan Agusta, kuma musamman a kudu wajen Tibiri da Dumega da kwarin Dallol Mawuri inda ruwa ya fi sauka, iska tana cike da danshi, abin da ya jiƙe ba ya bushewa da wuri. Soson matashin kunne yana shan zufa ya riƙe, ya fara wari, fatar jabu da aka lulluɓe shi da ita ta dinga saɓulewa. Kunnen da ya daɗe a rufe cikin laima shi ma yana iya kamuwa da ƙaiƙayi da ciwo. Wanda ke aiki cikin ɗaki mai kilim, kamar ɗakin watsa shirin rediyo ko ofis, ko mai tafiya Yamai cikin bis mai sanyi, shi ne ke haɗuwa da raɓa iri ɗaya da ta Turai: kaskin ya yi sanyi a ciki, a fito da shi cikin iska mai ɗumi da danshi, nan take ruwa ya kwanta masa ciki da waje.

Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba yana sauka wajen digiri 15, wanda ya ishi ƙarfe ya tara ruwa. Ga kuma ƙura mai laushi da ke kutsawa ramukan makirfo. Ƙura da laima in suka haɗu, taɓo ke nan, kuma taɓon da ya bushe a bakin makirfo yana dushe murya, wani lokaci ya sa kaskin ya dinga fito ko ƙara a kunne.

Wa zai gyara, wa zai biya?

A nan ne asarar ta fi ciwo. Mai saye a Faransa doka ta ba shi garanti na shekara biyu a kan kayan da ya zo da aibi, kuma yana da kantin da zai koma. Garantin shekara guda na Apple kuwa bai haɗa da ɓarnar ruwa ba, kuma kamfanin ba shi da kanti na kansa a Nijar. Wanda ya karɓi nasa ta hannun fatake ko a matsayin tsaraba, sau da yawa ko takardar saye ba shi da ita. In ya lalace sai ya nufi rumfar masu gyaran salula, mutanen da Allah ya hore wa basirar ta da matacciyar waya, amma kaskin da aka like da gam, wanda kayan gyaransa ba su zuwa kasuwa, ya fi ƙarfin kayan aikinsu. Nijar tana da dokar kare haƙƙin masu saye tun shekarar 2015, sai dai doka ba ta aiki inda babu shaidar ciniki. Sayen irin wannan kaya ba garanti ba takarda, cinikin biri ne a sama.

Duniya ta fara farga da wannan. A shekarar 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta tanadi cewa daga 2027 yawancin ƙananan na'urori su zo da batir da mai su zai iya canzawa. A cikin shekarar ce kuma kamfanin Fairphone na ƙasar Holand ya fito da kaski mai suna Fairbuds XL, wanda ake kwance shi gunduwa-gunduwa a canza batir ko matashi ko lasifika, kuma yana da shaidar jure ƙura da feshin ruwa. Ke nan yin kaski mai jure laima abu ne mai yiwuwa. Zaɓi ne masu ƙira suke yi ko su ƙi yi.

Abin da mai saye zai duba

Abu na farko shi ne haruffa biyu, IP, da lambobi biyu da ke biye da su a jikin kwali. Lambar farko ta ƙura ce: 5 na nufin ƙura ba ta shiga har ta yi ɓarna, 6 na nufin ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce: 4 na nufin yana jure feshi daga kowane gefe. In an ga harafin X a gurbin lamba, ba a ba da shaida kan wannan ɓangaren ba. In babu IP gaba ɗaya, kamar yadda yake ga mafi yawan manyan kaskoki masu tsada, to kamfanin bai yi alkawarin komai ba. Na biyu, a tambaya ko ana cire matashin kunne, kuma ko ana samun wani a Yamai ko Sakkwato. Na uku, a zaɓi wanda ke da kafar waya, domin ya ci gaba da amfani ranar da batir ya gaji, kuma a tabbatar yana yin sauti ta wayar ko a kashe yake. Na huɗu, a nemi takardar saye mai kwanan wata da hatimin mai kanti.

Wanda ya riga ya saya kuwa, rigakafi ya fi magani. Kada ya sa shi cikin rana tsaka ko yana aikin ƙarfi. Ya riƙa cire shi bayan kowace awa kunne ya sha iska. In ya gama, ya goge shi da busasshen ƙyalle mai laushi, ya cire matasan in suna ciruwa, ya bar shi a buɗe cikin inuwa kafin ya mai da shi jaka. Kada a shanya shi a rana ko kusa da murhu, kada a sa masa caji yana jiƙe, kada kuma a binne shi cikin shinkafa, domin garinta sai ya ƙara toshe ramukan. Ƴan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin sababbin takalma sun fi amfani in an ajiye su cikin jakarsa.

Ga gidajen rediyo da masu ɗaukar sauti a wurin biki, waɗanda kaski yake zaman kayan neman abinci, tsohon yayi mai waya ya fi dacewa. Akwai dalilin da ya sa irin su DT 770 na kamfanin Beyerdynamic na Jamus, da ya fito tun 1985, da MDR-7506 na Sony, da ya fito a 1991, suka shekara fiye da talatin a ɗakunan watsa labarai na duniya: ba su da batir da zai mutu, kuma matasansu ana canza su da hannu.

An ce araha ba ta ado, kuma gaskiya ne, jabun kaski na ƴan jikkuna ba ya kai ko'ina. Amma tsada ma ba shaidar ƙarko ba ce. Kuɗin da ake biya na daɗin sauti ne da kashe hayaniya da sunan kamfani, kuma an gwada kayan ne don mutanen da ke zaune ƙarƙashin wani sararin sama daban. Saurayin Dutsi ko malamin Tibiri da zai fitar da guminsa na watanni, kafin ya tambayi mai kanti nawa ne, ya fara tambayarsa: yana jure zufa, kuma in ya lalace wa zai gyara? Allah shi ba mu sa'ar ciniki.