Temozolomide: ƙwayar kansar ƙwaƙwalwa da ba a sha da ka

Iyalan da aka shaida wa cewa ɗan'uwansu na da kansar ƙwaƙwalwa ba sa daɗewa ba su ji sunan Temozolomide ba, wanda a Faransa da sauran Turai ake sayarwa da sunan Temodal. Masana a jami'ar Aston ta Birmingham a Ingila ne suka haɗa shi, kuma a 1999 Turai da Amurka suka amince a fara ba marasa lafiya.

Ƙwaƙwalwa na da shingen da ke hana yawancin magunguna shiga daga jini. Wannan kuwa yana ratsawa, ya lalata ƙwayar halitta ta DNA a cikin ƙarin, har ya kasa yaɗuwa. Sai dai wasu ƙarin na da sinadarin MGMT mai gyara ɓarnar, shi ya sa maganin kan karɓi wani, ya ƙi wani.

A 2005 binciken da likita Roger Stupp ya jagoranta a kan mutum 573 masu glioblastoma, mafi tsananin irin wannan kansa, ya nuna iyakarsa. Waɗanda aka gasa wa ƙarin da na'urar haske kaɗai sun rayu matsakaicin wata 12.1, waɗanda aka haɗa musu da ƙwayar kuma wata 14.6. Tazarar ba yawa, amma bayan shekara biyu kashi 26 cikin ɗari na masu shan ƙwayar na da rai, ɗayan rukunin kashi 10. Lokaci yake ƙarawa, ba kasafai yake warkarwa ba.

A nan ne 'yan ƙasar waje masu son aiko magani gida za su yi hattara. Da yake haɗiya ake yi, sai a ɗauka abu ne mai sauƙi. Likita ne ke ƙayyade adadin bisa tsawo da nauyin mara lafiya. Ana sha kullum na kusan mako shida tare da gashin na'ura, irin wadda cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai ta fara aiki da ita a 2021, daga baya kwana biyar a cikin kowane 28.

Yana kawo amai, yana kuma rage fararen ƙwayoyin jini da masu tsayar da zubar jini, don haka a makonnin gashin kowane mako sai an auna jini. Ba a buɗe ƙwayar, ba a tauna ta, kuma tana cutar da ɗan da ke ciki.