Wake a Allon Kwamfuta, Wake a Gonar Gwaram

A shekarar 2008 kamfanin Giants Software na ƙasar Suwizalan ya fitar da Farming Simulator, wasan da mutum zai zauna gaban kwamfuta ya yi huɗa da tarakta, ya shuka, ya girbe, ya kai kasuwa. Daga baya aka saka masa wani tsiro dangin kabeji wanda ba a girbe shi. Ana shuka shi ne kawai, idan ya yi ganye a bi da garma a binne shi, sai wasan ya ƙirga wa gonar zubin taki ɗaya. A 2020 kuma, tare da kamfanin John Deere, aka ƙara taswirar da ke nuna yawan naitirojin da tsamin ƙasa a kowane sashe na fili.

Manomin Sara da ke Gwaram, ko na karkarar Birnin Kudu, da zai ga haka sai ya jinjina kai ya ce akwai gaskiya a ciki. Amma ba zai rasa tambaya ba: wa zai binne ɗanyen ganye a gona, alhali tumaki na kuka a turke?

Gaskiyar da ke ciki, wato shuka na iya ƙara wa ƙasa taki, kowa na iya ganinta da idonsa a gonar wake ko gyaɗa. A tumɓuke gindin gyaɗa ko wake da ya fara fure, a karkaɗe ƙasar a hankali, za a ga 'yan ƙululai manne a jikin saiwa. A fasa ɗaya da farce. Idan cikinsa ja-ja ne, aiki yake yi. Idan fari ne ko kore, zaman banza yake. A cikin ƙululan nan wasu ƙwayoyin halitta da ake kira rizobiyam suke zaune, suna kama naitirojin daga iska suna mayar da shi abincin shuka, ita kuma tana ba su sukari. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, amma dawa da gero da masara ba su da hanyar cin sa. Masanan Jamus biyu, Hellriegel da Wilfarth, su suka tabbatar da aikin ƙululan nan a shekarun 1880. Naitirojin ɗin nan dai shi ne kashi 46 cikin ɗari na buhun yuriya da manomi ke saye da tsada.

Tun kafin wannan bincike, iyaye da kakanni a kudancin Jigawa suna tsarma wake a tsakanin gero da dawa, suna juya gyaɗa daga wannan gona zuwa waccan. Sun lura cewa inda gyaɗa ta kwana bara, dawa takan yi baƙin ganye bana.

Inda lissafin wasa yake gajarta shi ne bayan kaka. Yawancin abin da wake da gyaɗa suka kama daga iska yana tafiya cikin ƙwaya da ganye. Ƙwaya ta shiga buhu, ta tafi kasuwar Sara. Ganye kuwa ya zama harawa, an ɗaure dami-dami an ɗora a kan rufi ko a rassan bishiya, domin da bazara, ko lokacin da masu kiwon ragon layya suka matsu, harawa kuɗi ce a hannu. Abin da ya rage wa gona sai saiwa da ɗan ganyen da ya kakkaɓe. Idan aka kwashe komai aka sayar, gonar gyaɗa tana iya fitowa ba ta ƙaru da wani abin kirki ba.

Hanyar da albarkar ke komawa ƙasa a nan ta cikin dabba take bi. Awaki da tumaki su ci harawa a gida, kashinsu ya taru da toka da shara, kafin ruwa ya sauka a kwashe a mangalar jaki ko amalanke a kai gona, a jera tsibi-tsibi. Masu bincike irin su Michael Mortimore da Frances Harris sun nuna cewa wannan zagayen ne ya riƙe gonakin kewayen Kano, waɗanda ake nomawa kowace shekara ba hutu. Duk wanda zai tsara wasan noman Gwaram bai saka tunkiya ba, bai fara ba.

Shi ya sa ɗanyen taki irin na Turai bai samu karɓuwa sosai a Arewa ba. An gwada tsire-tsire irin su mukuna, wadda ta taimaki manoman kudancin Jamhuriyar Benin wajen danne tofa. Amma a inda damina take wata huɗu zuwa biyar, ba kowa zai ba da gona guda ga shukar da ba za ta shiga tukunya ba. Masana sun fahimci haka suka sauya hanya. A tashar IITA ta Kano, B. B. Singh da abokan aikinsa sun fito da irin wake mai ba da ƙwaya da harawa tare, da tsarin kunya biyu na hatsi, kunya huɗu na wake. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta saki jerin iri na SAMPEA da SAMNUT. Waken soya na TGx ma ya shigo, yana da wani amfani na daban: saiwarsa tana yaudarar irin wuta-wutar da ke cin dawa ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu.

Akwai sharaɗin da ake yawan mantawa. Ƙululan nan ba sa aiki da kyau a ƙasar da ta rasa fosfaras, kuma jigawa da yawa ta rasa shi. Manomin da ya zuba wa gyaɗarsa yuriya ya hana ta takin sufa mai fosfaras ya yi asara biyu, don yawan yuriya ma yana sa shukar ta rage yin ƙululan. Wannan magana ce da ya kamata malaman gona na JARDA su riƙa maimaitawa a kowace gonar gwaji a Birnin Kudu da Gwaram, tare da wata: a bar gawo a tsakiyar gona, domin shi ma dangin wake ne, yana zubar da ganyensa da damina daidai lokacin da gero ke bukatar rana da taki.