Akwai Ko Babu: Yadda Kwamfuta Ke Neman Suna A Cikin Babbar Rajista

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake tabbatar da cewa wani suna yana cikin rajista ko ba ya ciki, alhali kuwa rajistar ta ƙunshi miliyoyin mutane. A zaɓen 2023 hukumar INEC ta sanar da sunayen masu jefa ƙuri'a 93,469,008. To, idan wani mazaunin Unguwar Sarki a Kaduna ya zo neman sabon kati, ta yaya za a gane ko ya taɓa yin rajista?

Hanya ta farko ita ce bin layi ɗaya bayan ɗaya, watau kamar mai neman kalma a ƙamusun Bargery na 1934 ya fara daga shafin farko. Babu ɗalibin da ke yin haka. Saboda an jera kalmomin bisa tsarin abacada, sai ya buɗe tsakiya, ya yar da rabin da ba ya bukata, ya sake raba ragowar biyu. Ita ma kwamfuta ana gina mata irin wannan fihirisa. Idan aka bi ta, raba miliyan 93 biyu-biyu bai wuce sau 27 ba kafin a kai ga layin da ake nema.

Har ila yau, yadda aka yi tambayar yana da muhimmanci. A harshen SQL, umarnin COUNT yana sa na'ura ta ƙidaya duk layukan da suka dace, shi kuwa EXISTS da zarar ya ci karo da guda sai ya tsaya. Mai son ya ji ko akwai kowa a masallacin Sultan Bello ba ya bukatar ƙirga sahu.

Sai dai suna ba abin dogaro ba ne a ƙasar Hausa. Mutum guda yana iya zama Muhammadu a wata takarda, Mohammed a wata, Mamman a ta uku. Shi ya sa ake dogara da lamba, kamar NIN mai alƙaluma 11. Zanen yatsa kuwa ya fi wuya, domin ba a jera shi kamar haruffa, dole a yi ta kwatantawa. Da irin wannan tantancewa ce, bayan an rufe rajista a watan Yuli na 2022, INEC ta soke sunaye fiye da miliyan 2.7, galibi na waɗanda suka yi rajista fiye da sau ɗaya.