Ɗiban Wuta a Iyakar Illela

Kafin ashana ta yi araha, akan aiki yarinya maƙwabta ta ɗebo wuta. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Gwadabawa ko Illela ya san abin yana da ƙa'ida, ko da ba a rubuta ta ba. Sai ta yi sallama, ta roƙa, a zuba mata garwashi a kasko a lulluɓe da toka, a ja mata kunne kada ta bi ta gindin rumbu, musamman da hunturu, lokacin da kara ya bushe iska na kaɗawa. In ta so ratsa wani gida don ta yanke hanya, mai gidan na da ikon ya ce ta zagaya. Ba wanda ke musun wutar tata ce, an ba ta. Amma jinkar da za ta kama ba tata ba ce.

Dokar shiga wata ƙasa da bindiga haka take, kuma babu inda aka fi saurin mantawa da ita kamar Illela. Daga nan zuwa Birnin Ƙonni ta Nijar ɗan gudun kabu-kabu ne. Harshe ɗaya, auratayya tun kaka da kakanni, naira da sefa na cuɗanya a hannun 'yan canji, dabbobin Tawa na cika karar Illela. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta saba wa mutane da ƙetarewa ba biza, su zauna har kwana 90. To, wanda ya saba ƙetarewa da buhun gero, ko ya je ta'aziyya ya dawo kafin magariba, da wuya ya ji a jikinsa cewa ya bar ƙasarsa. Maharbi zai rataya bindigar toka don an gayyace shi farauta ko bikin abokin sana'a, fatake kuma su ce hanya ba lafiya. Kowannensu yana da amsa guda in an tare shi: "Ai ina da takarda."

Takardar ta gidanka ce. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa makamai gida uku. Akwai waɗanda aka haramta, irin na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, waɗanda ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Duk ukun nan hukumomin Najeriya ne, kuma sa hannunsu yana ƙarewa inda ƙasar ta ƙare. Jandarman da ke bayan shingen Ƙonni bai karɓi umarni daga kwamishinan Sakkwato ba, kamar yadda jami'in kwastam na Illela ba ruwansa da hatimin Yamai. Wanda ya miƙa lasisin ƙasarsu a ƙetare, daidai yake da yarinyar da aka hana ratsa gida ta ce ai innarta ce ta aike ta.

Baƙon da ke shigowa Najeriya, dokar ta buɗe masa ƙofa, amma ƙunci gare ta. Dole ya biyo ta mashigar da hukuma ta sani, ya bayyana bindigar da harsasanta ga kwastam da bakinsa, ba sai an bincika an gani ba. In ziyara ya zo, sai ya sami izinin riƙewa na ɗan lokaci. In wucewa zai yi zuwa wata ƙasa, ko ya sami irin wannan izini ko ya damƙa ta ajiya. Ita ma yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta fara aiki a 2009, ta tanadi takardar baƙo: a nema tun kafin tafiya, a faɗi dalili da irin makamin da lambarsa, a rubuta shigarsa, a kuma rubuta fitarsa. Wannan na ƙarshen shi ne abin da mutane ba sa lura da shi. Ƙasar da ta bar ka ka shiga da wuta tana so ta ga ka fita da ita, kada ka bar ta a hannun wani.

Sai dai lissafin ya sauya. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Illela, ba a buɗe ba sai Maris 2024, kuma wannan shi ne karo na biyu cikin 'yan shekaru, don an rufe ta a 2019 aka buɗe a Disambar 2020. A Janairun 2025 Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, ta fice daga ECOWAS. Mutane na ci gaba da kai da kawo, amma maganar makami yanzu ta hukumomin Yamai ce, ƙasar da ke fama da 'yan bindiga kuma take sa ido sosai a kan iyakokinta. A nan gida ma, tun Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki: 'yan ta'addan da suka addabi Sabon Birni da Isa da Tangaza ba ta shingen kwastam suke wucewa ba, ɓarauniyar hanya suke bi, doka kuwa mai bin ƙofa take kamawa. Takaici ne. Amma wannan yanayin ne ya sa jami'in da ya ga bakin bindiga a ƙarƙashin buhu ba zai tsaya tantance maharbi da ɗan aiken 'yan ta'adda ba. Gidan da ya sha gobara ba ya sauraron bayanin mai kasko, balle a garin da jarkokin 'yan bumburutu ke jere a bakin titi. Kuma hukuncin ba wasa ba ne: riƙe haramtaccen makami a Najeriya ɗaurin shekara goma ne mafi ƙaranci.

Harsashi ma, a idon doka, ba ya buƙatar bindiga kafin ya zama laifi. Garwashi ɗaya da ya ɓuya a toka ya isa. A 2024 an kama wasu Amurkawa masu yawon buɗe ido a tsibiran Turks da Caicos saboda 'yan harsasan farauta da suka manta a jakunkunansu, suka fuskanci barazanar ɗaurin shekara 12, alhali ba su ɗauki bindiga ba, kuma a garuruwansu abin halal ne. Irin wannan mantuwa ta fi kusa da maharbi da ɗan banga da tsohon soja, masu jaka ɗaya ta daji da ta tafiya.

A jirgin sama, ga wanda ya sami izinin ƙasashen biyu, sai an sanar da kamfanin tun da wuri, a cire harsashi, a kulle bindigar a akwati mai ƙarfi ta bi kayan awo, harsasai a mazubinsu daban, kada su wuce kilo 5. A Illela kuwa babu kamfanin da zai tuna maka. Wanda ba shi da izinin Nijar a rubuce a hannu, ya bar bindigarsa a gida, ya zazzage jakarsa da aljifan rigarsa tun kafin ya hau mota a tashar Sakkwato, don shingayen bincike tun daga Kware suke farawa.