Sikalop ɗin kudancin Ostireliya: matsayinsa a ilimin halittu da siffofin kumbarsa

Duk wanda ya san tambarin kamfanin mai na Shell ya riga ya ga siffar wannan halitta ta teku da ake kira sikalop. Tana cikin dangin dabbobi masu taushin jiki, irin su dodon koɗi, sai dai ita kumba biyu gare ta, masu buɗewa da rufewa kamar kumbar da ake tsinta a bakin kogi.

Nau'in da ke rayuwa a tekun kudancin Ostireliya shi ne masana suke kira Pecten fumatus. Masanin nan ɗan ƙasar Ingila, Lovell Reeve, shi ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1852. A harshen Latin, Pecten na nufin mataji, saboda layukan da ke bayan kumbar sun yi kama da haƙoran mataji, fumatus kuwa na nufin mai launin hayaƙi. Ana lissafa shi cikin ajin Bivalvia, wato masu kumba biyu, da kuma dangin Pectinidae.

Kumbunan nasa ba su yi daidai da juna ba. Ta dama tana da zurfi kamar ƙoƙo, ita ce ke nutsewa cikin yashi, ta hagu kuwa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, tana zama murfi daga sama. Layuka 12 zuwa 16 ne suke tasowa daga mahaɗar kumbunan su bazu zuwa baki, sannan akwai ƴan kunnuwa biyu a gefen mahaɗar. Tsoka guda mai ƙarfi ce ke rufe su, ita ce kuma naman da ake ci. Idan dabbar ta ji haɗari, sai ta riƙa tafa kumbunanta tana feso ruwa, da haka take iyo ta tsere.

Sanin waɗannan siffofi na da amfani ga masunta da hukumomi, domin da faɗin kumba ake tantance wanda ya isa kamu. Yawan kamu ya taɓa rage nau'in ƙwarai a mashigin Bass, tsakanin Tasmaniya da jihar Biktoriya, har aka rufe kamunsa a tsakiyar mashigin daga 2006 zuwa 2008 don ya samu ya farfaɗo.